Tafiyar da Na'ibi Bai Yarda da Ita Ba

Duk wanda ya zauna unguwar Ruwais ta Jidda a shekarun nan ya san Na'ibi mai kujera, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Dogo ne siriri, kullum da basilla soke a gaban rigarsa. In ka gaishe shi sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, kamar yana jiran ya ji abin da zai biyo bayan gaisuwar. Ba mugun mutum ba ne. Yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, in maƙwabci ya kwanta ciwo shi ne na farko a ƙofa. Sai dai bai iya karɓar magana yadda aka ba shi ita ba.

Mutumin Damagaram ne, ɗan dukawa. A zauren mahaifinsa ya koyi ɗinkin tim-tim da matasan fata, da safe kuma yana zuwa lakwal, wato makarantar boko, inda ya fito da Faransancin da ya ishe shi yin musu da jandarma. Ya zo aikin hajji a 1978 yana saurayi, cikin ayarin wani jagora mai daɗin baki da ya karɓe fasfunansu ya ce zai adana musu. Ana saukowa daga Mina aka nemi jagora aka rasa. Na'ibi ya gangaro Jidda ba takarda, ba ɗan'uwa, ya yi dako a Bab Sharif har kafaɗarsa ta yi kanta.

Wata rana ya kai kaya wata warsha a Bagadadiyya, inda ake yi wa kujeru da katifu sabuwar riga. Ya ga wani matashin kujera da ɗinkinsa ya farke an jefar gefe, ya ɗauka ya rufe bakin yana jiran a sallame shi. Mai warshar, wani dattijo Abdulghaffar, ya karɓa ya duba, ya ce gobe ya zo da sassafe. Bayan 'yan shekaru dattijon ya tsaya masa ya sami sabon fasfo, ya zama kafilinsa, wato uban gidan da ke tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Na'ibi ya daɗe yana jiran ya ji abin da za a nema a wurinsa a madadin wannan alheri. Ba a nemi komai ba sai aiki. Har tsohon ya rasu bai gama sakin jiki da shi ba, duk da cewa a maƙabarta sai da aka riƙe shi saboda kuka.

Sana'ar ma ba ta gyara masa hali ba. Sau nawa aka kawo masa kujera mai karammiski da ruwan zinare, ya farke ta ya tarar da kwali da tsumma da katakon akwatin lemo a ciki? Don haka duk kujerar da ta shigo warsha, kafin ya dubi fuskarta sai ya kifa ta.

Ya auri Rahamatu, 'yar Hausawan Sudan ce amma haihuwar Jidda, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Ita mai saurin dariya ce, kuma ita kaɗai ke iya ce masa ya cika zargi ya yi shiru. A warsha kuwa mutum ɗaya ne yake iya barin wa almakashinsa ya fita, wato Rafi'u, wani magidanci ɗan Gusau da ya zo umra ya zauna. Na'ibi ne ya kawo shi aikin, gidajensu kuma lungu ɗaya, matarsa Larai kullum tana tsakar gidan Rahamatu. Rafi'u ba shi da iƙama.

A 1997 aka matsa wa masu shaguna a kan ma'aikatan da ba su da takardu. Lokacin warsha ta koma hannun Abdulghani, ɗan marigayin, wanda Na'ibi ya sani tun yana zuwa da wandon makaranta yana wasa da ƙusoshi. Yanzu ya girma, ya yi karatu a waje, ya buɗe wurin baje koli mai gilasai a Safa. Ran nan ya ja Na'ibi gefe, ya kira shi ammi, wato baffa, yadda ya saba.

"Ya ammi, wannan Rafi'un matsala ne. In aka same shi a nan, warshar za a rufe."

"In ya fita, ka nemi wanda zai riƙa rufe maka bakin kujera," in ji Na'ibi. "Ni ma hannuna ya gaji."

Abdulghani ya yi murmushi ya ce, "Halas, shi ke nan." Bai sake tayar da maganar ba, kuma shirun nan ya fi damun Na'ibi fiye da a ce faɗa suka yi.

Ba a daɗe ba sai ga Abdulghani da wata magana. Wani attajiri yana gina gida a bakin teku, yana son falonsa ya zama irin na sarakunan Faransa na da. Abdulghani zai je Paris ya ga abin da idonsa. Akwai wani tsohon gidan saƙa na gwamnati inda ake saƙa dardumar bango da hannu tun zamanin sarakuna, kuma a jikinsa akwai ma'ajiyar da ake tara kujeru da teburan ƙasar. Shi Turanci yake ji, ba Faransanci ba. Yana son Na'ibi ya raka shi, ya yi masa tafinta, ya kuma ga yadda suke aikin.

Na'ibi ya ce zai yi shawara. Da ya koma gida bai taɓa abinci ba.

"Mutumin da zai iya sayen tikitin jirgi biyu, tafinta ne zai gagare shi a can?" ya tambayi Rahamatu. "Me ya sa sai ni?"

"Don kai ne mu'allim ɗinsa mana. Yalla, Malam, ka je ka ga duniya. Wasu roƙo suke yi a kai su."

"Fasfona yana hannunsa. Na san abin da za a buga a ciki? In fitar ƙarshe aka buga mini fa, ba fita da dawowa ba? Sai dai ki ji ni a Yamai."

"Ɗan Abdulghaffar ne zai yi maka haka?"

"Ɗan Abdulghaffar ba Abdulghaffar ba ne."

Amma kafili ba a cika ce masa a'a sau biyu a shekara ɗaya ba, kuma ya riga ya ce guda a kan Rafi'u. Ya amsa. Ana gobe tafiya ya zaunar da Rafi'u a kan wata kujera da ba a gama ba.

"Ka shigo da asuba, ka fita bayan magariba. Tsakani kada ka leƙa titi. Ko wa ya aike ka, ka ce ni na hana."

"Haba Mu'allim, kamar yau na zo garin nan?" Rafi'u ya ce yana dariya. "Ka dai taho mana da turare."

A filin jirgi, da Abdulghani ya miƙa masa fasfo, Na'ibi ya koma gefe ya buɗe shafi-shafi. Ya tare wani Basudane mai shara ya ce ya karanta masa hatimin. Fita da dawowa ne. Ya sake tare wani fasinja ya tambaya, shi ma haka ya ce. Ya sa fasfon a aljihun ciki, ya soke bakin aljihun da fil, ya yanke wa kansa cewa ba zai sake mayar da shi ba sai sun taka Jidda.

Paris ta tarbe shi da sanyi da yayyafi. Abdulghani ya saya masa kwat mai kauri da takalma, ya kama masa ɗaki nasa shi kaɗai a masauki. Kowane alheri sai Na'ibi ya ƙara tsuke fuska. Naman da aka kawo bai ci ba, burodi da ƙwai da shayi ya riƙe har suka dawo. Faransancinsa na lakwal da fari ya ƙi tashi, mutanen suna magana kamar ana korarsu, amma a hankali kunnensa ya buɗe.

Gidan saƙar yana bayan wata doguwar katanga, da tsakar gida shimfiɗe da duwatsu. Aka haɗa su da wasu baƙi, wata mata mai tabarau ta shige gaba tana bayani. Ta fara nuna musu tsofaffin dardumomi a rataye, kowace ta kai bangon masallaci faɗi. Akwai dawakai da karnukan farauta, da dazuzzuka, da mutane wasu rabin jiki a waje. Na'ibi ya yi a'uziyya ya mayar da idonsa kan furannin gefe. Ya matsa kusa har matar ta ce kada ya taɓa. Daga nesa ya rantse fenti ne. Daga kusa ya ga zare ne, ulu da alharini, launi yana shiga launi ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare.

"Me take cewa?" Abdulghani ya tambaya.

"Wai duk da hannu aka yi."

"Ma sha Allah."

"Wai, na ce."

Daga nan aka shigar da su wani dogon ɗaki mai manyan tagogi. Masaƙun a tsaye suke, sun fi mutum biyu tsawo, zaren tsaye a jere kamar ruwan sama. Masu saƙar suna zaune a bayan aikin, ba a gabansa ba, kowa da ɗan madubi a ɗaya gefen yana leƙa fuskar abin da yake yi ta tsakanin zare. Ba ƙarar inji, ba hira, sai ɗan ƙwas-ƙwas na tsinken katakon da suke danna zare da shi. Mai tabarau ta ce mutum ɗaya yakan shekara bai saƙa abin da ya wuce faɗin sallaya ba.

Nan Na'ibi ya tabbatar wa kansa wasa ake yi da hankalinsu. Wace gwamnati ce za ta ciyar da mutum shekara a kan sallaya ɗaya? Lalle akwai inji a wani ɗakin da ba a nuna wa baƙi, waɗannan kuma an zaunar da su ne don 'yan kallo. Ya tsaya bayan wata dattijuwa mai furfura da ke saƙa wani jan fure.

"Madam, tun yaushe kike kan wannan?"

Ta ɗago ta dube shi, ta ce wannan ce shekararta ta uku a kanta, ita da abokan aikinta biyu.

"In mun tafi fa, sai ku tashi?"

Ba ta gane ba, sai da ya sake faɗa. Ta yi dariya ta ce in rana ta faɗi dai suke tashi, don hasken fitila yana ƙarya a kan launi. Na'ibi ya zagaya gaban masaƙar ya dubi inda furen ya tsaya, daidai ƙarƙashin wani ɗan koren ganye da aka zana a jikin zaren, ya riƙe wurin a ransa.

A ranar ya kamata su ga kujerun, amma aka ce ma'ajiyar ba a shiga sai da izini. Abdulghani ya ce wani dillali abokinsa zai samo musu, sai dai za su ƙara kwanaki. Na'ibi ya dube shi.

"Ba ka san da haka ba tun muna Jidda?"

"Wallahi ban sani ba, ya ammi. Kana gaggawar me? Warsha ba za ta gudu ba."

Kwanakin jiran nan su suka fi yi masa tsawo. Abdulghani yakan sauka ƙasa wurin wayar masauki ya daɗe yana magana. Sau ɗaya Na'ibi ya sauko ya same shi ya juya baya, ya ji yana cewa, "Halas, kada ka gaya masa yanzu," yana ganinsa kuma ya ajiye kan wayar. Abdulghani ya ce da ƙaninsa yake magana a kan rashin lafiyar wani kawunsu. Na'ibi ya ce Allah ya ba shi lafiya. Da rana ya fita shi kaɗai, ya sayi katin waya, ya buga kantin ɗan Yaman da ke bakin lungunsu ya ce a kira masa Rahamatu. Yana riƙe da waya yana jin hayaniyar Ruwais daga nesa, har katin ya ƙare ba ta iso ba.

Da izini ya samu suka koma. Kafin su wuce ma'ajiya Na'ibi ya roƙi mai rakiyarsu ya bar shi ya leƙa ɗakin saƙa. Ba ranar baƙi ba ce, ba kowa sai masu aikin, kuma suna nan zaune yadda ya bar su. Ya je gaban masaƙar dattijuwar. Jan furen ya hau, ya taɓa gindin koren ganyen, abin da bai fi kaurin yatsa ba. Ta gane shi ta madubi, ta ɗaga masa gira. Ya ce mata sannu da aiki da Hausa, don Faransancin bai zo masa ba a lokacin.

Ma'ajiyar kuwa gari ce guda. Kujeru a jere a kan kantoci har sama, an lulluɓe su da farin ƙyalle, ga tebura masu ƙafar zaki, ga agogai, ga gadajen da sarakuna suka kwanta a kai. Abdulghani ya rikice, yana nuna wannan yana nuna wancan, yana cewa a tambaya masa sunan kowane salo. Na'ibi yana fassarawa, amma hankalinsa yana wani ɗaki da ya hango a gefe, inda wani tsoho mai gaban-riga na fata yake gyaran kujera, ƙananan ƙusoshi cike da bakinsa, yana zaro su ɗaya-ɗaya da kan guduma. Haka Abdulghaffar yake yi.

Ya shiga ya gaishe shi, ya ce shi ma aikinsa ke nan. Tsohon ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu ya ba shi hannu. Kujerar ta haura shekara ɗari biyu, in ji shi. Na'ibi ya ce yana son ya ga ƙasanta. Tsohon bai yi mamaki ba, ya kira wani suka kifa ta a hankali kan tebur mai shimfiɗa. Na'ibi ya sunkuya. Ba soso, ba kwali. Ɗamarar algarara ce aka saƙa aka ja ta yi tauri, a kanta gashin doki, an ɗinke shi layi-layi da zare mai kauri, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa, a wurin da ba mai zama da zai taɓa gani. Ya bi da yatsa yana neman inda aka yi ha'inci, bai samu ba. A jikin katakon an buga lambobi da wuta.

"Wannan fa?"

Tsohon ya ce kowace kujera da lambarta. Ana ba da su aro ga fadar shugaban ƙasa da ofisoshin ministoci da jakadu, in an gama a dawo da su.

"In ministan ya ƙi dawowa da ita fa? Ko ya kai gidansa?"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce ai akwai mutanen da aikinsu ke nan, su bi ofis-ofis suna kifa kujeru suna duba lamba.

Wannan ita ce maganar da ta fi yi wa Na'ibi daɗi a duk tafiyar. Ya juya ya ce wa Abdulghani, "Ka ji, su ma ba su yarda da manyansu ba." Tsohon ya ba shi wata lanƙwasasshiyar allura da ɗan dunƙulen gashin doki ya tafi da su. A jirgin dawowa, karo na farko, ya yi barci.

Tun daga bakin lungu ya san wani abu ya faru. Masu zama a ƙofar kantin ɗan Yaman suka amsa sallamarsa a gajarce, ba wanda ya ce masa sannu da hanya. Rahamatu ta karɓi jakarsa ba ta yi dariya ba.

"Sun kama Rafi'u," ta ce. "Yana tarhil, wurin da ake tsare waɗanda za a mayar gida. An ce jirgin Kano za a sa shi."

"Yaushe?"

"Kuna tafiya ba da daɗewa ba."

"A warsha?"

"Wasu sun ce a warsha, wasu sun ce a titi. Ba wanda ya gani."

Bai cire kwat ɗin ba ya nufi gidan Larai, da kwalbar turaren da ya sayo wa mijinta a aljihu. Ta fito bakin ƙofa da goyo, ba ta ce ya shigo ba.

"Larai, yanzu nake ji. Wallahi..."

"An dawo lafiya, Baba Na'ibi? An ce har kwat aka saya maka." Ta dubi kwat ɗin daga sama har ƙasa. "Shekara nawa yana aiki a wurin nan ba abin da ya same shi. Sai da ka hau jirgi."

Ta saki labule. Ya tsaya da turaren a hannu, daga baya ya juya.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama Ruwais. Takari mai ɗinkin kujera, a ce an kai shi Paris haka kawai? Me ya bayar aka ba shi wannan? Wasu suka ce shi ya nuna Rafi'u don ya kare iƙamarsa. Wasu suka ce ya daɗe yana kai rahoto, shi ya sa bai taɓa sakin jiki da kowa ba, mai yi shi ke tsoron a yi masa. In ya zo wucewa sai hira ta koma ta ƙwallo. Matan da ba su da takardu suka daina shiga wurin Rahamatu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zargin mutane, ga shi yau gari guda yana zarginsa, kuma ya san da shi ne a wurinsu da abin da zai ce ke nan.

Ya je tarhil da abinci da kaya, aka ce an riga an wuce da su. Ya je Safa ya sami Abdulghani a bayan teburinsa.

"Ka sani tun muna can."

"Na sani," in ji Abdulghani. "Ƙanina ya gaya mini a waya. Na ce kada a gaya maka, don ba abin da za ka iya daga can sai damuwa. Na yi kuskure?"

"Ka ce kawunku ne ba lafiya."

"Kawuna ma ba shi da lafiya, ya ammi. Je ka asibiti ka gani."

"A ina aka kama shi?"

"A titi, aka ce. Da a warsha ne ai da ka tarar da ita a rufe."

Maganar ta zauna daidai ta ko'ina, kuma hakan ne bai yi wa Na'ibi ba. Ya koma bakin aiki, don ba shi da wani kafilin. Shi ya yi kujerun attajirin nan, da gashin doki da aka yi oda, ya ɗinke cikinsu layi-layi yadda ya gani. Aikin ya yi suna, aka riƙa kawo irinsa daga manyan gidaje. Duk wata Rahamatu takan kai wa Larai shinkafa da mai ta ce daga wata ƙungiyar mata ne. Larai ta karɓa, amma in ta haɗu da Na'ibi a lungu sai ta ja mayafi ta dubi bango.

Sai bayan shekara bakwai Rafi'u ya dawo, da bizar umra, ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Washegarin isowarsa ya yi sallama a ƙofar Na'ibi da hantsi, ya rungume shi a gaban mutane. Suka zauna Rahamatu ta kawo ful da tamis, dafaffen wake da burodin tanda.

"Na ji abin da aka yi ta faɗa, Mu'allim. Na aiko a gaya wa Larai ta bari, ba ta ji ba. Ni na san ba kai ba ne. A ƙarƙashin gada 'yan sanda suka tare motar haya, suka sauke mu duka, har da 'yan Habasha da Bangaliyawa. Tsautsayi ne."

"Me ya kai ka motar haya da rana? Ban ce kada ka leƙa titi ba?"

"Ƙusa ce ta ƙare, da zaren ɗinki."

"Na bar muku kwali biyu na ƙusa."

Rafi'u ya haɗiye lomarsa. "To, ban gan su ba. Ƙanin Abdulghani ne ya zo ya ce aikin gaggawa ne, in je Bab Makka in sayo. Na ce ka hana, ya ce kai kana Paris."

"Shi da yake da mota."

"Ya ce yana sauri." Rafi'u ya kaɗa hannu. "Mu'allim, bar shi. Ai ba shi ya ajiye askar a ƙarƙashin gada ba. Kullum suna tsayawa a wurin."

"Kullum suna tsayawa a wurin," Na'ibi ya maimaita. Bai ƙara cin lomar ba.

Rafi'u bai koma warsha ba, ya kama gashin tsire a wani lungu kusa da Safa. Ya bi majalisa-majalisa yana wanke Na'ibi, mafi yawa suka yarda, wasu suka ce ai dole ya faɗi haka tunda matarsa ta ci shinkafar gidan shekara bakwai. Larai ta dawo gaishe shi, gaisuwa ta baki, ba ta sake zama a tsakar gidan Rahamatu ba.

Daga baya kujerun kwantena suka cika Jidda, masu araha, in sun lalace a jefar. Abdulghani ya rufe warshar Bagadadiyya a 2010. Bai janye kafalarsa ba, duk shekara yana sabunta wa Na'ibi iƙama ba tare da an roƙe shi ba. Na'ibi ya koma aiki a saman soron gidansa ƙarƙashin rumfar kwano, yana gyara wa tsofaffin abokan ciniki kujerun da suka ƙi rabuwa da su. Rahamatu takan ce ya gode wa Allah da ya ba shi kafili mai amana. Na'ibi kuma yakan ce mutum ba ya biyan abin da bai ci ba.

A 2012 Abdulghani ya zo da kansa har soron, yana haki saboda matakala. 'Yarsa za ta yi aure, yana son kujeru biyu na amarya da ango, kuma ba ya son hannun kowa sai na Na'ibi. Suka sha shayi, suka yi maganar mahaifinsa, suka yi maganar jita-jitar rushe unguwar. Har ya miƙe zai tafi Na'ibi ya ce,

"Abdulghani, na tsufa, kai ma ka fara. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa don Allah. Kai ka sa aka aiki Rafi'u Bab Makka ranar nan?"

Abdulghani ya tsaya da makullin mota a hannu, ya haɗa gira.

"Wane Rafi'u?"

"Wanda aka kama muna Paris."

"A'a, wannan! Subhanallah, ya ammi, har yanzu?" Ya girgiza kai yana murmushi. "Wallahi ban tuna wanda ya aiki wa ba. Yana nan lafiya?"

"Yana nan."

"To alhamdu lillah. Ka gaishe shi." Ya dafa kafaɗar Na'ibi ya sauka.

Rahamatu ta hauro ɗaukar kofuna, ta tarar da shi zaune yana kallon yadin da aka kawo.

"Na ji ka tambaye shi. Me ya ce?"

"Ya ce bai tuna ba."

"Ka yarda?"

"Fuskarsa ta mai gaskiya ce," in ji Na'ibi. "Tun yana yaro haka fuskarsa take."

Ya ce ta miƙo masa almakashi da alli. Kujerun amaren sun fito da kyau, aka kai su zauren biki ana gobe ɗaurin aure. An aiko masa da katin gayyata, ya ce ƙafarsa tana ciwo, Rahamatu ce ta je.